Kakar Wasa ta 1992/93 a Ƙasar Ingila: Tarihin Kafuwar Gasar Firimiya

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin kakar wasa guda ɗaya tak a tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila, watau kakar 1992/93, wadda a cikinta ne aka fara buga gasar nan da jama'armu suka sani da sunan Firimiya. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan taron malamai da wasan tamaula, balle ma na wata ƙasa mai nisa? Amsarmu ita ce, duk abin da ya shiga cikin jama'a ya zauna, ya mamaye hirarsu, ya kuma taɓa aljihunsu, to ya cancanci a yi nazarinsa. A yau da wuya a sami babbar unguwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi wadda ba ta da gidan kallon ƙwallo, kuma wasannin wannan gasa suna cikin manyan abubuwan da ke cika waɗannan gidaje. Ɗalibanmu da yawa suna iya jero sunayen 'yan wasan Arsenal ko Chelsea da ka, amma kaɗan ne cikinsu za su iya faɗin yadda gasar ta samo asali, da wanda ya ci riba da wanda ya yi asara sa'ad da aka kafa ta.

Ra'ayin da za mu kare shi ne wannan: idan aka dubi cikin fili, kakar 1992/93 ta fi kama da shekarun da suka gabace ta. 'Yan wasan su ne dai na jiya, filayen su ne, salon wasan ma bai sake ƙwarai ba. Babban sauyin a kan takarda aka yi shi, wajen tsai da wanda zai karɓi kuɗin talabijin da yadda za a raba su. Za mu fara da waiwayen abin da ya gabata, sa'an nan mu dubi yadda aka ɓalle, da yadda wasannin suka gudana, da kuma abin da ya biyo baya.

2.0 WAIWAYE: DAGA 1888 ZUWA 1990

A shekarar 1888 wani jami'in ƙungiyar Aston Villa mai suna William McGregor ya jawo hankalin ƙungiyoyi 12 suka haɗu suka kafa gasar lig, wadda ita ce irinta ta farko a duniya. Dabarar ita ce kowace ƙungiya ta kara da kowace sau biyu, gida da waje, domin a san ranakun wasa tun da wuri, a kuma sami tabbataccen kuɗin ƙofa da za a riƙa biyan 'yan wasa albashi. Gasar ta yi ta bunƙasa har ta kai ƙungiyoyi 92 a 1950. Daga 1958 kuma aka jera su rukuni huɗu, na ɗaya zuwa na huɗu, wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya gaza ya sauka.

Abin lura a nan shi ne, an gina wannan tsari ne bisa zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Ƙungiyar da ta zo baƙunta tana da kasonta cikin kuɗin ƙofa na mai masauki. Kuɗin talabijin, ko da yake ba su taka kara sun karya ba, ana raba su daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyin 92. Har zuwa 1961 akwai dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako. Saboda haka babbar ƙungiya ba ta iya sayen dukan gwanaye ta tara, shi ya sa ƙananan garuruwa kamar Burnley da Ipswich suka iya cin gasar a 1960 da 1962.

A shekarun 1980 al'amura suka taɓarɓare. Yawan 'yan kallo na dukan rukunan, wanda ya haura miliyan 41 a kakar 1948/49, ya zube zuwa kimanin miliyan 16 da rabi a kakar 1985/86. Filayen wasa sun tsufa, faɗace-faɗacen 'yan tayar da zaune tsaye kuma sun kori masu iyali daga zuwa kallo. Sai kuma masifu uku suka auku kusa da kusa. Ran 11 ga watan Mayu, 1985, gobara ta tashi a filin Bradford ta hallaka mutum 56. Ran 29 ga wannan wata, a filin Heysel na ƙasar Beljiyam, mutum 39 suka mutu kafin wasan ƙarshe na Kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, abin da ya sa aka hana ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai har shekara biyar. Ran 15 ga watan Afrilu, 1989, aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough na birnin Sheffield, wanda a ƙidayar ƙarshe ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97. Binciken kotu na 2016 ya tabbatar da cewa ba laifin 'yan kallo ba ne.

Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Taylor ya binciki al'amarin Hillsborough. A rahotonsa na ƙarshe, na watan Janairu 1990, ya ba da shawarar a kawar da wuraren kallo a tsaye, a sa wa kowane ɗan kallo kujera, aka kuma ba manyan rukunai biyu wa'adi zuwa watan Agusta 1994. Wannan aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Ke nan, a daidai lokacin da ƙungiyoyi suke matuƙar bukatar kuɗi, sai ga wata sabuwar hanyar samu tana buɗewa, watau talabijin na tauraron ɗan Adam, wanda sai an biya ake kallo. Daɗin daɗawa, zuwan Ingila wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 1990 ya dawo wa da ƙwallo farin jininta a idon jama'ar ƙasar.

3.0 YADDA AKA ƁALLE

Ɓallewar 1992 ba rana ɗaya ta faro ba. Tun cikin shekarun 1980 manyan ƙungiyoyi biyar, watau Arsenal da Everton da Liverpool da Manchester United da Tottenham, suke ƙorafin cewa su ake son kallo, amma ana raba kuɗin da wasu. Duk lokacin da suka yi barazanar fita, sai a lallashe su da ƙarin kaso. A 1983 aka soke ba baƙo kaso a kuɗin ƙofa. A 1986 aka ba rukuni na ɗaya rabin kuɗin talabijin. A 1988, da kamfanin ITV ya sayi izinin nuna wasanni a kan fam miliyan 44 na shekara huɗu, kason rukuni na ɗaya ya koma kashi 75 cikin ɗari. Kowane sassauci sai ya ƙara musu ƙwarin gwiwar neman wani.

A ƙarshen 1990 shugabannin waɗannan ƙungiyoyi biyar suka gana da Greg Dyke, wani babban jami'i a ɓangaren ITV, suka tattauna kafa gasa tasu ta kansu. Sun san in suka fita su kaɗai za a zarge su da son zuciya, don haka suka nemi inuwar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, wadda ake kira FA a taƙaice. Hukumar kuwa daɗewa ta yi tana jayayyar iko da shugabannin tsohuwar lig, saboda haka ta karɓe su hannu bibbiyu. A watan Yuni 1991 ta fitar da wani kundin tsare-tsare inda ta goyi bayan sabuwar gasa, tana mai kafa hujja da cewa za a rage yawan ƙungiyoyi da yawan wasanni domin 'yan wasan ƙasa su sami hutu. Ran 17 ga watan Yuli, 1991, ƙungiyoyin rukuni na ɗaya suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafuwa, aka kuma tabbatar da gasar ran 20 ga watan Fabrairu, 1992. Rick Parry ne ya zama babban jami'inta na farko.

Yarjejeniyar ta ƙunshi muhimman abubuwa. Kowace ƙungiya tana da ƙuri'a ɗaya, kuma ba a zartar da babban hukunci sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Kuɗin talabijin na cikin gida za a raba su kashi uku: rabi a raba daidai wa daida, rubu'i bisa matsayin da kowa ya ƙare, rubu'i kuma bisa yawan nuna ƙungiya a talabijin. An bar hawa da sauka yadda suke tsakanin sabuwar gasa da tsohuwar lig. Sai dai daga yanzu ƙungiyoyi 22 ne za su sayar da hajarsu su riƙe kuɗinsu, sauran 70 kuwa sai abin da aka ga dama aka yafito musu. Alkawarin rage ƙungiyoyi don amfanin 'yan wasan ƙasa bai cika nan take ba, domin da 22 aka fara, sai a 1995 aka rage zuwa 20.

A watan Mayu 1992 aka zo kan sayar da izinin nuna wasanni. Jami'in ITV ne aka fara ƙulla maganar da shi, amma kamfanin BSkyB, wanda attajirin nan Rupert Murdoch yake da babban hannu a ciki, shi ya yi nasara, tare da BBC wadda ta sami izinin nuna taƙaitattun wasanni da dare. An sanar da cinikin a kan fam miliyan 304 na shekara biyar, Sky kuma za ta nuna wasa 60 kai tsaye a kowace kaka. Ƙananan ƙungiyoyin rukunin ne suka rinjayar da ƙuri'ar, domin a zamanin ITV manyan nan biyar aka fi nunawa. Cikin manyan, Tottenham ce ta bi bayan Sky, shugabanta kuwa, Alan Sugar, kamfaninsa na Amstrad ne yake ƙera farantan kama tashar. Shi kansa kamfanin Sky a lokacin asara yake tafkawa, ƙwallon ƙafa ce ta jawo masa masu biyan kuɗin wata. Daga nan kallon babban wasan lig kai tsaye a gida ya zama sai mai faranti.

4.0 YADDA WASANNIN SUKA GUDANA

4.1 Somin-taɓi

An buɗe gasar ran Asabar 15 ga watan Agusta, 1992, da ƙungiyoyi 22, kowace za ta buga wasa 42, jimla 462. Ipswich da Middlesbrough da Blackburn ne suka hau daga rukuni na biyu. Luton da Notts County da West Ham kuwa, waɗanda da su aka ƙulla yarjejeniyar, sun faɗi a ƙarshen kakar da ta gabata, sai suka zama an dafa da su ba a ci da su ba. Brian Deane na Sheffield United ne ya ci ƙwallon farko a tarihin gasar, a minti na biyar, a ragar Manchester United, aka tashi 2-1. Kashegari Sky ta nuna wasanta na farko, inda Nottingham Forest ta ci Liverpool 1-0 ta ƙafar Teddy Sheringham. Ran Litinin da dare kuma aka nuna Manchester City da Queens Park Rangers, da kaɗe-kaɗe da raye-raye irin na Amurka, abin da tsofaffin 'yan kallo suka yi wa kallon baƙon abu.

A wannan shekara ce kuma aka soma aiki da dokar da ta hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Dokar ta duniya ce, ba ta da alaƙa da kafa Firimiya, amma ta ƙara wa wasa sauri, ta kuma tona asirin 'yan baya da masu tsaron gida waɗanda ba su iya sarrafa ƙwallo ba.

4.2 Norwich da Blackburn

Ƙungiyar da ta ba kowa mamaki ita ce Norwich City. Da ƙyar ta tsira a kakar da ta gabata, ta kuma sayar da babban mai ci mata ƙwallo, Robert Fleck, ga Chelsea. Amma a ranar farko, a ƙarƙashin sabon mai horarwa Mike Walker, sai ta je gidan Arsenal, aka ci ta biyu, ta farke ta ƙara, aka tashi 4-2. A farkon watan Disamba tana saman jadawali da ratar maki takwas. Rauninta yana baya, domin a watan Oktoba Blackburn ta lallasa ta 7-1. A ƙarshe ta zo ta uku da maki 72, bayan ta ci ƙwallo 61 an ci ta 65.

Blackburn kuwa wani irin labari ne dabam, kuma ita ce ta fi nuna inda aka dosa. Wani attajirin ƙarfe ɗan garin, Jack Walker, shi ya zuba dukiyarsa, ya ɗauko Kenny Dalglish, ya sayi Alan Shearer daga Southampton a kan kuɗin da ya haura fam miliyan uku, wanda ba a taɓa biyan irinsa a Ingila ba. Shearer ya ci ƙwallo 16 kafin ya ji ciwo a gwiwa ran 26 ga watan Disamba. Ƙungiyar ta ƙare ta huɗu da maki 71, ta kuma ci gasar a 1995.

4.3 Manchester United da zuwan Cantona

Manchester United ta shiga kakar da nauyi a wuya. Rabonta da cin lig tun 1967, zamanin Matt Busby. A watan Afrilu 1992 kofin ya kusa shiga hannunta, sai ta sha kashi sau uku cikin mako guda, Leeds United ta ɗauke. Sabuwar kakar ma da tuntuɓe ta fara ta: an ci ta a wasa biyu na farko, ɗan gaban da Alex Ferguson ya sayo, Dion Dublin, ya karye a watan Satumba, sa'an nan ta yi wasa bakwai a jere ba nasara, ƙwallo huɗu kacal ta ci a cikinsu. A farkon Nuwamba tana tsakiyar jadawali.

A ƙarshen wannan wata Ferguson ya sayo Bafaranshen nan Eric Cantona daga Leeds a kan kimanin fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Cantona gwani ne, shi ne ma ya fara cin ƙwallo uku a wasa ɗaya a tarihin gasar, amma an san shi da wuyar sha'ani, kuma ba su jitu da mai horar da Leeds, Howard Wilkinson ba. Amfaninsa ga United ya wuce ƙwallo tara da ya ci mata. Yakan koma ɗan baya kaɗan, tsakanin 'yan tsakiya da 'yan bayan abokan gaba, wurin da 'yan wasan Ingila na lokacin ba su saba tsarewa ba, daga nan ya riƙa rarraba ƙwallo ga Mark Hughes da Ryan Giggs da Andrei Kanchelskis da Lee Sharpe. Daga zuwansa har ƙarshen kaka sau biyu kurum aka ci United a lig. Ya kamata kuma a ambaci tsaron bayanta, Peter Schmeichel a raga, da Steve Bruce da Gary Pallister a gabansa, domin ƙwallo 31 kaɗai aka zura mata, mafi ƙaranci a gasar.

4.4 Makonnin ƙarshe

Da shigowar watan Afrilu 1993, ƙungiyoyi uku ne ke neman kofin: Norwich, da United, da Aston Villa ta Ron Atkinson, mutumin da United ta sallama a 1986 ta ɗauki Ferguson. Ran 5 ga wata United ta je gidan Norwich ta zura uku tun kafin a yi rabin sa'a, aka tashi 3-1. Ran 10 ga wata Sheffield Wednesday ta zo Old Trafford ta fara ci da bugun fenareti. Saura minti huɗu a tashi Bruce ya farke da ka. Da yake an ɓata lokaci wajen sauya alƙalin wasa wanda ya ji ciwo, aka yi dogon ƙarin lokaci, a cikinsa Bruce ya sake ci da ka. A ran nan Villa ta yi canjaras da Coventry, United ta hau sama, ba ta sake saukowa ba. Ta ci wasanninta bakwai na ƙarshe, Villa kuwa ta sha kashi a ukun ƙarshe. Ran 2 ga watan Mayu, da Oldham ta ci Villa 1-0 a gidanta, kofi ya tabbata na United bayan shekara 26. Ta ƙare da maki 84, Villa da 74. Busby yana cikin 'yan kallo kashegari da aka miƙa kofin, ya rasu a watan Janairu 1994.

4.5 Waɗanda suka faɗi

Oldham, ƙaramar ƙungiya ta kusa da Manchester, ta ci wasanninta uku na ƙarshe cikin mako guda, Villa da Liverpool da Southampton, ta kamo Crystal Palace a maki 49, ta tsira da bambancin ƙwallaye. Palace da Middlesbrough suka faɗi. Ta ƙarshe a jadawali ita ce Nottingham Forest, da maki 40. Mai horar da ita, Brian Clough, ya shekara 18 a wurin. Shi ya ɗauko ta daga rukuni na biyu, ya ci lig da ita a 1978, ya ci Kofin Turai a 1979 da 1980. A wannan kaka ya yi ritaya. Ƙungiyar ta sayar da Des Walker da Sheringham ba ta maye gurbinsu ba, Sheringham kuwa ya je Tottenham ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da 22. Bayan faɗuwar, United ta saye ɗan tsakiyarta Roy Keane a kan fam miliyan 3.75. Leeds mai riƙe da kofi ta ƙare ta 17, ba ta ci wasa ko ɗaya a waje ba. Arsenal ta zo ta 10, amma ta ci kofunan ƙalubale biyu na ƙasar, duka a hannun Sheffield Wednesday.

5.0 ABIN DA YA SAKE DA ABIN DA BAI SAKE BA

Idan muka auna wannan kaka da ma'aunin yau, za mu ga ta yi nisa da Firimiyar da ake kallo a gidajenmu. A makon farko, 'yan wasa 13 ne kacal daga wajen Burtaniya da Ayalan aka fara wasa da su. Matsakaicin 'yan kallo bai wuce kimanin 21,000 ba, ko da yake gine-gine sun rage wurin zama a filaye irin su Old Trafford da Highbury. Ran 26 ga watan Janairu, 1993, mutum 3,039 ne suka kalli wasan Wimbledon da Everton. Gasar ba ta da ko kamfanin da ya ɗauki nauyin sunanta sai a kaka ta biyu. Norwich ta zo ta uku, Queens Park Rangers ta biyar, gaba da Liverpool da Tottenham da Arsenal da Chelsea. Wannan jadawali na tsohon zamani ne.

Abin da ya sake shi ne magudanar kuɗi. Cinikin talabijin na 1997 ya kai fam miliyan 670 na shekara huɗu, na 2016 kuwa ya haura fam biliyan biyar na shekara uku, ban da abin da ake samu daga ƙasashen waje. A watan Disamba 1995 Kotun Turai ta yanke hukuncin Bosman, wanda ya ba ɗan wasa 'yancin tafiya kyauta in kwantaraginsa ya ƙare, ya kuma soke ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai. Da kuɗi da wannan 'yanci suka haɗu, sai gwanayen duniya suka kwararo Ingila. Ran 26 ga watan Disamba, 1999, Chelsea ta fito da 'yan wasa 11 babu ɗan Burtaniya ko ɗaya.

Akwai ma'auni guda mai sauƙi na ganin tasirin wannan. A cikin kaka 33 daga 1959/60 zuwa 1991/92, ƙungiyoyi 12 ne suka ci lig. A cikin kaka 33 daga 1992/93 zuwa 2024/25, bakwai ne suka ci. Adalci ne a faɗa cewa danniyar babba ba sabuwa ba ce, domin Liverpool ta ci sau 13 a zangon farko, kamar yadda United ta ci sau 13 a na biyu. Bambancin shi ne ƙofar da Ipswich da Derby da Forest suka bi ta ƙuntata ƙwarai, har cin da Leicester ta yi a 2016 ya zama abin al'ajabi a duniya. Can ƙasa kuwa, ƙungiyoyi da dama sun ci bashin da ya fi ƙarfinsu wajen neman hawa. A 2019 aka kori Bury daga lig saboda karayar arziki, ita da ta ci kofin FA sau biyu. A 2022 Oldham ɗin nan ta faɗi daga rukunan huɗu gaba ɗaya, sai a 2025 ta dawo. A watan Afrilu 2021 kuma shida daga manyan ƙungiyoyin Firimiya suka yi yunƙurin shiga wata gasar Turai da ba a saukar da su a cikinta, da hujja irin ta 1992, watau su ake son kallo. Zanga-zangar magoya bayansu ce ta wargaza shirin cikin 'yan kwanaki.

6.0 ALAƘARMU DA WANNAN TARIHI

A kakar 1992/93 'yan Afirka ƙalilan ne a gasar, kamar Peter Ndlovu na Coventry da Bruce Grobbelaar na Liverpool, dukansu 'yan wasan Zimbabuwe. A watan Maris 1993 Norwich ta sayo Efan Ekoku, wanda daga baya ya je Kofin Duniya na 1994 da Nijeriya. A 1994 Daniel Amokachi, tsohon ɗan Ranchers Bees ta Kaduna, ya koma Everton daga Beljiyam. Celestine Babayaro, shi ma haihuwar Kaduna, yana cikin 'yan Chelsea 11 da muka ambata. Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya je Leicester a 2016. Waɗannan 'yan wasa, tare da yaɗuwar farantan tauraro, su suka ɗaura zukatan matasanmu da gasar.

Ya kamata mu tuna cewa a 1990, shekara biyu kafin Firimiya, Nijeriya ta ƙaddamar da gasarta ta ƙwararru. Amma galibin ƙungiyoyinmu sun ci gaba da zama a hannun gwamnatocin jihohi, suna jiran kasafi, ba su mallaki hajarsu sun sayar ba. A halin yanzu kuɗin da saurayi ya biya a ƙofar gidan kallo, wani ɓangarensa yana bi ta hannun mai gidan zuwa kamfanin tauraro, daga nan ya isa asusun da aka buɗe a 1992.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa kakar 1992/93 ta tsaya ne tsakanin zamani biyu. A fili, ita ce ta ga ƙarshen Clough da ƙoƙarin ƙarshe na irin su Norwich wajen neman kofi, ta kuma buɗe mulkin Ferguson wanda ya kai 2013. A kan takarda, ita ce ta kwance zaman tarayya na shekara 104 tsakanin manya da ƙanana. Ribar a bayyane take: filaye masu aminci, da wasa mai kyau, da gasar da duniya ke kallo. Asarar ma a bayyane take: tsadar shiga kallo, da tsarin kashin dankali inda na sama ke danne na ƙasa. A 2025 majalisar Burtaniya ta zartar da dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido a kan kuɗin ƙungiyoyi da mallakarsu, alamar cewa tambayar da aka buɗe a 1992 ba a rufe ta ba. Masu neman gyara gasarmu ta gida sukan kawo Firimiya a matsayin abin koyi. Muna ganin ya wajaba su dubi ɓangarorin nan biyu tare, su tsai da yadda za a raba kuɗi tsakanin manya da ƙanana tun kafin kuɗin su zo, domin a Ingila an bar wannan magana sai da kuɗin suka zo, ga shi bayan shekara 30 da ɗoriya ana nan ana jayayya a kanta.